Tukuicin Masu Aikin Gayya

A wani ƙaramin gari na kudancin ƙasar Jamus akwai wani magidanci wanda shekarunsa suka ba hamsin baya. Da rana shi ma'aikaci ne a ofishin lissafin kuɗi na wani asibiti. Da dare kuwa, bayan iyalinsa sun kwanta, yakan zauna gaban kwamfutarsa ya kama wani aiki dabam, wanda ya yi shekara ashirin yana yi, ba a kuwa taɓa ba shi ko anini a kansa ba. Ba lalle ba ne a faɗi sunansa, gama irinsa suna da yawa a ƙasashe dabam-dabam, kuma abin da ya dame shi a ƙarshen shekarar 2025 ya dami da yawa daga cikinsu.

Ran Lahadi, 28 ga watan Disamba na wannan shekara, ana cikin hutun Kirsimeti, tun wajen ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe gari, kamar yadda yakan yi a ƙasashen sanyi. Ya zauna zai rubuta wasiƙar da ya saba aika wa abokan aikinsa kowane ƙarshen shekara, wadda a cikinta yakan gode wa waɗanda suka taimake shi, sa'an nan ya faɗi abin da yake da niyyar yi baɗi. Amma a wannan karo wasiƙa ta ƙi rubutuwa. Dalili kuwa shi ne ya gaji, har ya ƙudura a ransa zai aje aikin, ga shi kuma bai san hannun da zai danƙa wa ba.

Kafin a gane nauyin abin da ke kansa, sai an san irin aikin. Kowace kwamfuta, babba ko ƙarama, tana da wata babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita. Ita ce ke fara tashi in an kunna inji, ita ke raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci, ita ke karɓar abin da aka buga ta nuna shi a allo, ta kuma adana takardu inda za a same su gobe. Matsayinta kamar na uwargida ne a babban gida. Baƙo bai cika ganinta ba, amma ran da ta kwanta ciwo kowa sai ya kwana da yunwa. Waɗansu kamfanoni sukan yi tasu su sayar, su ɓoye rubutun asali wanda daga gare shi aka gina ta, tamkar mai magani da ke sayar da gari amma ba ya faɗin sunan saiwa. Wanda ya saya ba shi da ikon ya duba cikinta, balle ya gyara.

A shekarar 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya yi shela cewa zai gina babbar manhaja wadda kowa ke da izinin ya yi aiki da ita, ya karanta rubutun asalinta, ya gyara, ya kuma ba maƙwabcinsa. Ya sa wa aikin suna GNU. Shi da mutanensa suka ƙera kayayyaki da dama, amma zuciyar manhajar, watau sashen da ke magana da ƙarfen inji kai tsaye, ba ta kammalu ba. A 1991 sai wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta irin wannan zuciya, aka kira ta Linux. Duk wanda ke riƙe da wayar Android yana riƙe da ita a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

To, ga zuciya ga sauran gaɓoɓi, amma a warwatse suke, sai gwani ne ke iya harhaɗa su. Ran 16 ga Agusta, 1993, wani ɗalibin Jami'ar Purdue a Amurka, Ian Murdock, yana da shekara ashirin, ya yi shelar cewa za a harhaɗa su wuri ɗaya a fili, kowa na gani, kowa kuma yana iya sa hannu. Ya haɗa farkon sunan budurwarsa Debra da nasa, ya kira abin Debian. Fitowar da aka yi a watan Yuni na 1996 tana da ƙunshi 474. Ƙunshi kuwa shi ne manhaja guda wadda aka tsabtace, aka ɗaure ta yadda za ta shiga kwamfuta ta zauna lafiya da sauran. Kowane ƙunshi yana da mai riƙonsa, wanda ke karɓar kukan jama'a a kansa, ya gyara ɓarna, ya bi sawun mawallafinsa na asali. Mutumin nan na Jamus yana riƙe da ƙunshi goma sha ɗaya.

Debian ba kamfani ba ce, ba ta da mai ita. Jama'a ce ta masu aikin sa kai, cikakkun 'ya'yanta wajen mutum dubu ne, kowace shekara kuma suna jefa ƙuri'a su zaɓi shugaba. A 1997 suka rubuta wa duniya takardar alkawari, inda suka ɗauki nauyin cewa manhajar za ta tabbata ta kowa, abin da suka gyara za su mayar wa mawallafansa, ba kuwa za su ɓoye aibinsu ba. Aikin nasu hawa uku ne. Sabon abu yakan fara shiga hawan da suke kira sid, sunan wani yaro mai ɓarnar kayan wasa a sinimar yara ta Toy Story, domin a nan ne abubuwa ke karyewa. In ya yi kwanaki ba a ga mugun aibi ba, sai ya wuce hawan gwaji. Wajen kowace shekara biyu sai a rufe ƙofa, a daina karɓar sabon abu, a shiga farautar kurakurai wata da watanni, ba a kuwa fitarwa sai an ga ta nuna. Wannan hawa na uku shi ne wanda makarantu da ofisoshi da manyan kwamfutocin intanet ke dogara da shi. A kan Debian aka gina Ubuntu a 2004, kuma a 2013 aka ba da labarin an mai da kwamfutocin hannu na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kan Debian.

Shekarar 2025 shekarar girbi ce gare su. Ran Asabar, 9 ga Agusta, bayan aikin shekara biyu da wata biyu, suka fitar da Debian 13, wadda suka laƙaba wa trixie, sunan wata dabbar roba mai ƙaho uku a sinimar nan. Ƙunshinta 69,830, fiye da 14,000 daga ciki sababbi ne, an kuma yi alkawarin lura da ita har shekara biyar. A cikinta ne aka fara karɓar injunan RISC-V a matsayin cikakkun 'yan gida, watau wani tsarin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka faro a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, wanda kowa ke da izinin ƙerawa. A cikinta kuma aka sallami tsofaffin kwamfutoci masu tsarin i386, aka daina yi musu abin girkawa, ko da yake a kan irinsu aka haifi Debian ɗin kanta. Waɗansu sun yi baƙin ciki, amma hannuwan da za su ci gaba da ɗawainiyarsu sun yi ƙaranci, kaya kuwa gwargwadon masu ɗauka ake ɗaura shi.

Saboda haka sashen godiya bai ba shi wuya ba, sunaye suka yi ta zuwa. Ya gode wa masu tsaron ƙofa, waɗanda suka mayar masa da wani ƙunshi har sau biyu domin bai gyaru sosai ba, ya ji haushinsu a lokacin, daga baya ya ga gaskiyarsu. Ya gode wa masu lura da tsaro, waɗanda akan tashe su tsakar dare in an gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi. Ya gode wa jami'o'i da kamfanonin da ke ba da aron manyan kwamfutocinsu domin mutanen kowace nahiya su kwafi manhajar daga kusa. Ya gode wa masu fassara, da masu zana haruffa, da masu shirya allon bugu na harsuna, waɗanda saboda irin aikinsu ne mai rubutun Hausa ke samun ɓ da ɗ da ƙ a wannan manhaja ba da wahala ba. Ya gode har wa masu kawo ƙara, musamman wanda in ya ga kuskure yakan zauna ya bayyana dalla-dalla yadda abin ya faru, domin rabin gyara ke nan.

Yana cikin wannan sai 'yarsa, wadda ta zo hutu daga jami'a, ta shigo da kofin shayi ta aje masa. Ta dubi allo ta ce, "Baba, yau ma aikin kyautar ne?"

Ya ce, "Shi ne."

Ta ce, "Kullum kai ke yi wa mutane godiya. Cikin shekara ashirin ɗin nan, kai wa ya taɓa ce maka sannu?"

Ya yi dariya, ya ce ta je ta kwanta. Amma bayan ta fita maganar ta zauna masa. Ya tuna cewa cikin dubban wasiƙun da ya samu a kan ƙunshe-ƙunshensa, kusan duka kuka ne, waɗansu ma da zagi, har akwai wanda ya taɓa ba shi wa'adin kwana uku kamar yaron gidansa. Ta godiya tsantsa guda ɗaya ce tak, daga wani malamin makaranta a ƙasar Brazil, wanda ya ce da tsofaffin kwamfutoci goma da Debian yake koya wa yara lissafi. Ya buga ta a takarda ya aje a aljihun tebur. Haka sha'anin yake, gama mai shan ruwan rijiya ba ya tambayar wanda ya haƙa, sai ran da guga ya fito da laka.

Gajiyar tasa kuwa tana da asali. Kwamfutoci irin waɗannan suna ƙidayar lokaci ne da daƙiƙa, tun daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970. A tsohon tsari, gurbin da aka tanada domin wannan lamba ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Za a kai wannan adadi ran 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3 da minti 14 da daƙiƙa 7 na dare, agogon GMT. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, injin da ba a gyara ba zai ɗauka an koma watan Disamba na 1901. Injuna da yawa da ake kafawa cikin masana'antu da motoci da asibitoci sukan yi shekara ashirin suna aiki ba a taɓa su ba, saboda haka jira sai an matso ganganci ne. A 2024 mutanen Debian suka tashi faɗaɗa wannan gurbi, aikin ya shafi ɗaruruwan ƙunshi, har da huɗu daga cikin nasa. Ya yi watanni yana kwana biyun dare saboda wata masifa da ba za ta zo ba sai bayan ya yi ritaya, kuma in aikin ya yi kyau, ba wanda zai san an yi shi.

A al'adar Debian, mai riƙo in ya gaji ba ya sulalewa. Yakan yi shela cewa yana neman wanda zai karɓa, in ba a samu ba sai a rubuta ƙunshin cikin jerin marayu, haka suke kiransu da bakinsu. Maraya yakan zauna a hannun jama'a, ana ɗan leƙa shi, har wani ya ɗauke shi riƙo, in kuwa ya lalace ba mai gyara sai a fitar da shi. A da, da ya yi shelar nan tuni, duk wanda ya fara miƙo hannu ya ba shi. Abin da ya sa ya yi turus shi ne wani al'amari da ya faru a shekarar 2024, wanda ya girgiza duk masu wannan sana'a.

Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse takardu domin su rage cin wuri. Kusan kowace kwamfutar Linux tana da ita, amma shekara da shekaru mutum guda ne ke ɗauke da ita, wani mutumin Finlan, a lokacin hutunsa, ba da biya ba. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko masa da gyare-gyare masu kyau. A 2022 sai waɗansu sunaye suka taso shi gaba da wasiƙu, suna cewa aiki ya tsaya, in ba zai iya ba ya ba wani. Ya amsa musu cewa ƙarfinsa ya ragu, aikin kuma na sha'awa ne, ba albashi yake karɓa ba. Sannu a hankali ya jawo baƙon nan jiki, har ya ba shi ikon fitar da sabon bugu. A watan Fabrairu na 2024 baƙon ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin bugu na 5.6.0, wadda aka shirya ta domin mai riƙe da wani mabuɗin sirri ya iya shiga kwamfutocin mutane daga nesa, ba sallama.

Abin da ya tona asirin ƙanƙane ne. Wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, yana gwaje-gwajensa a kan Debian sid, sai ya lura shiga kwamfutar daga nesa ya ƙara jinkirin wajen rabin daƙiƙa. Da wani ne da ya share, shi kuwa ya bi diddigi har ya kai ga ƙofar, ya sanar wa duniya ran Juma'a, 29 ga Maris, 2024. Mugun bugun ya riga ya shiga sid da hawan gwaji, amma bai kai hawa na uku ba, jinkirin nan da ake yi wa Debian gori a kansa ya yi rana. Mutumin namu ya daɗe yana juya wannan labari a ransa. Abin da ya gani a ciki shi ne ɓarawon bai fasa katanga ba. Ya duba ne ya ga mai gadi shi kaɗai ne, ya gaji, ba mai ce masa sannu, sai ya zo masa da fuskar mai taimako.

Bai manta ba kuma cewa ba sai da mugun nufi ake ɓarna ba. A 2006 wani mai riƙo a Debian, da kyakkyawar niyya, ya cire ɗan layi daga manhajar OpenSSL domin ya kashe wani gargaɗi da ke damunsa. Ashe layin nan yana cikin abin da ke sa mabuɗan sirri su zama ba a iya cinkarsu. Sai mabuɗan da ake ƙerawa suka koma ba su wuce iri wajen 32,000 ba a kowane nau'i, abin da kwamfuta za ta gwada duka cikin ɗan lokaci. Ba a gano ba sai a watan Mayu na 2008. Debian ta faɗi laifinta a fili bisa ga alkawarinta, mutane a ko'ina suka sake mabuɗai. Ɗaya cin amana ne, ɗaya kuskure ne, amma ciwon guda ne, watau abu mai nauyi a hannun mutum ɗaya, ba ido na biyu a kansa.

To, shi ma yana da mai aiko masa da gyara. Wata budurwa ce daga jihar Kerala ta ƙasar Indiya, wadda ta fara sa hannu a aikin bayan babban taron Debian da aka yi a birnin Kochi a 2023. Shekara biyu ke nan tana aiko da gyare-gyare, duka masu kyau, ba ta taɓa yin gaggawa ba. Da labarin xz ya fito sai ya ja baya, ya riƙa jinkirta amsa mata, wani lokaci har mako uku, yana ce wa ransa ai wancan ma da gyara mai kyau ya fara. Ita kuwa ba ta yi fushi ba, ba ta kuma nemi a ba ta mabuɗi ba. Daga baya ya ga cewa in ya bi wannan hanya, ɓarawon nan ya yi masa sata ta biyu ke nan, gama ya raba shi da mataimaki na gaskiya, ya bar shi shi kaɗai, daidai yadda ɓarayi ke so.

Mutanen Debian suna da tsohuwar al'ada ta maganin wannan shakka. Kowane ɗayansu yana da mabuɗin sirri wanda yake sa hannu da shi a kan duk abin da ya aika, in kuwa biyu suka haɗu ido da ido, sukan nuna wa juna fasfo, kowa ya shaida cewa mabuɗin ɗan'uwansa nasa ne. Wanda ke son zama cikakken ɗan ƙungiya kuma sai waɗansu sun tsaya masa, an kuma jarraba saninsa da fahimtarsa ga alkawarin 1997. A watan Yuli na 2025 aka yi taron shekara a birnin Brest, bakin teku a ƙasar Faransa. Ya hau jirgin ƙasa ya je, ita ma ta zo. Suka zauna tebur ɗaya kwana uku suna gyaran wani ƙunshi da ya daɗe yana ba shi wuya. Ya ga yadda take aiki, ya ga waɗanda suka san ta tun tana ɗaliba, har ta nuna masa wani kuskure da ya yi shekara shida yana kwance cikin rubutunsa bai gani ba. Wannan bai zama tabbaci na har abada ba, gama ba a shaidar ɗan Adam duka, amma ya fi suna a kan takarda nesa.

Duk da haka ya dawo gida bai yanke shawara ba, har daren nan na Disamba. Yana duban kwanan wata a gefen allo sai ya tuna cewa yau shekara goma daidai da rasuwar Ian Murdock, wanda ya mutu a San Francisco ran 28 ga Disamba, 2015, yana da shekara 42. Ya tuna kuma cewa Murdock bai riƙe shugabancin Debian ba sai shekara uku, a 1996 ya miƙa wa Bruce Perens ya kama waɗansu ayyuka. Da ya ƙanƙame abin a ƙirjinsa, da watakila ya mutu tare da shi, ko tun kafinsa. Da ya sake shi ga jama'a bisa tsari, ga shi ya kai shekara 32 yana tafiya. Nan take ya ga kuskuren lissafinsa. Ya ɗauka hanya biyu ce kawai gare shi, ko ya ɗauki kayan duka, ko ya yar da shi duka, alhali kuwa akwai ta uku.

Ya ja kujera ya rubuta sashen baɗi ba tsayawa. Na farko, ƙunshi shida za su koma riƙon mutum biyu, shi da budurwar nan, kuma ba abin da zai fita daga hannun ɗayansu sai ɗayan ya karanta. Na biyu, ƙunshi biyu zai mai da su hannun wata ƙungiya ta masu riƙon irinsu, domin kada rashin lafiyar mutum ɗaya ya tsai da su. Na uku, sauran ukun zai rubuta su cikin marayu, ya faɗi gaskiya cewa ya daɗe ba ya ba su haƙƙinsu, domin suna a kan ƙofa ba mai gida a ciki ya fi kango haɗari. Na huɗu, zai sa ƙarfinsa ga wani aiki da Debian ta faro tun wajen 2013, watau a tabbatar cewa in mutum biyu a wurare dabam suka gina manhaja daga rubutun asali guda, abin da zai fito zai zama daidai wa daida, ko ɗigo bai bambanta ba. In haka ta samu, duk wanda ya cusa wani abu a tukunya bayan an gama awon kayan miya, sai ɗanɗano ya tona shi.

Ya ambaci kuma abin da ke gaban jama'ar baki ɗaya. An riga an raɗa wa Debian 14 suna forky, sunan wani ɗan cokali mai yatsu a sinimar nan, an kuma fara tara mata kaya a hawan gwaji tun ran da trixie ta fita. An tsai da cewa taron 2026 a birnin Santa Fe na ƙasar Ajantina za a yi shi. Bai yi alkawarin zuwa ba, gama ya koyi cewa shirin baɗi wanda ya fi ƙarfin hannuwan da ke akwai, buri ne kawai. Daga ƙarshe ya ƙara layi biyu waɗanda bai taɓa sa irinsu a wasiƙun baya ba. Ya ce duk wanda ke jin yana son ya gode masa, to, ya dubi jerin marayu ya ɗauki guda, ko ya fassara shafi ɗaya, ko ya nemi mai riƙon wata manhaja da yake mora kullum ya tambaye shi inda kaya ya fi yi masa nauyi.

Ya aika da wasiƙar wajen ƙarfe goma sha biyu na dare, a Kerala kuwa asuba ta gabato. Da ya farka da safe ya tarar da amsa. Ta ce ta karɓa da hannu biyu, amma da sharaɗin kada ya ɓace mata, gama akwai abubuwa a ƙunshi na uku da ba wanda ya san dalilinsu sai shi, ya kamata su zauna su rubuta su kafin a manta. A ƙasan wasiƙar ta liƙo wani ɗan gyara, ta ce ya duba in ya sami sarari bayan hutu. Ya kira 'yarsa ya nuna mata, ya ce, "Jiya kin tambaye ni wa ya taɓa ce mini sannu. Ga ta nan."

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. A aikin gayya kuwa, tukuicin da ya fi kowane shi ne mutum ya kawo fartanyarsa. Manhajar da asibitoci da bankuna da makarantu ke tafiya a kanta, a ƙarƙashinta akwai mutane irin wannan magidanci, masu aikin dare, waɗanda ba a jin sunansu sai in abu ya ɓaci. Godiyar da suke yi wa juna a ƙarshen shekara ita ce littafin lissafinsu, a ciki ake ganin wa ke nan, wa ya gaji, wane kaya ne ba shi da mai ɗauka. Wanda ya karanta irin wannan lissafi ya ga gurbi, ya kuwa san yana da hannu, to, ya riga ya san abin da ya rage gare shi.